Allunan shagunanmu na ba da tarihin gari, amma fentin na ɓarewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu masu sana'ar zanen alluna da bango a Garwa da Marwa muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini, don mu tofa albarkacin bakinmu a kan abin da ake kira fasahar zane ta zamani. Da an ɗauko wannan zance sai hankalin mutane ya tafi Duwala da Yawunde, ko ɗakunan baje koli na Turai, sai ka ce mu nan arewa ba mu da komai sai jima da dukanci da ginin tukwane. Alhali wanda ke son ganin yadda zaman birni ya sauya a arewacin Kamaru da Chadi, ya bi layin kasuwa kawai yana ɗaga kai yana duban alluna. Wannan taska ce ke ƙarewa, bana, wato tallar leda da inji ke bugawa, na cin ta ta gefe guda, aikin ha'inci na cin ta ta ɗaya gefen.

A ɗauki allon mai aski. Wanzami bai taɓa buƙatar allo ba. Zabirarsa na kafaɗa, sana'ar gadon gidansu ce, duk unguwa an san ƙofarsa. Allo ya zo ne tare da wutar lantarki da injin aski da samarin da suka baro ƙauye suka kama shago a unguwar da ba wanda ya san ubansu. Baƙo ba shi da mai shaidarsa, sai allo ya shaide shi. Falanki ne ko langa-langa, faɗi kamar santimita 60, tsawo 120, kawuna shida ko takwas a jere, kowanne ya ba da gefe domin ta gefe ake ganin layin goshi da saje da tsagar da aka yi da reza. A ƙarƙashin kowane kai akwai lamba. Lambar nan ba ado ba ce. A kasuwar Garwa ana jin Fulatanci da Hausa da Faransanci da Larabcin Shuwa da Barbarci da Tufuri da Mundang, to wanda harshensa bai zo ɗaya da na mai shago ba sai ya nuna da yatsa, a gama magana.

Haka sauran allunan suka riƙa shigowa, kowanne da zamaninsa. Na tela ya tashi daga babbar riga da 'yar shara ya koma kaftani mai tsukakken hannu, gefensa abaya da dogon hijabi. Na mai ɗaukar hoto ya yi tashe ya mutu da zuwan waya mai kyamara. A farkon shekarun 2000 lemar masu buga waya ta cika bakin titi da ɗan kwali mai farashin minti, sai allon gyaran waya da na caji suka gaje ta. Daga wajen 2010 da 2011 rawayar MTN Mobile Money da ruwan lemon Orange Money suka mamaye ƙofofin shaguna, a Njamena kuma jan Airtel. Yanzu ga faifan sola da batir da fanka a jikin allon mai kayan wuta, ga allon alli na gidan kallon ƙwallo da ake gogewa kullum, ga katangun makarantun kuɗi da Islamiyyu cike da haruffa da taswira. Hatta mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga na bakin titi, wanda kwalbarsa ce tallarsa, kwalin da yake rubuta farashi ya ba da labari bayan Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ba wani marubuci da ya bi waɗannan sauye-sauye dalla-dalla kamar yadda masu burushi suka bi su, ba tare da sun yi niyyar rubuta tarihi ba.

Akwai kuma zanen da hukuma da ƙungiyoyi ke ba da kwangilarsa: wankin hannu tun annobar kwalara ta 2010 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, rigakafin shan inna, takunkumin korona a 2020, saƙonnin zaman lafiya bayan hare-haren Marwa na watan Yulin 2015. Gaskiya ɗaya ce, yawancinsu ba su da rai. Daga ofis ake aiko da hoton a takarda, kurciya da hannuwa biyu suna gaisawa, a ce a kwafa kamar yadda yake. Ina layin jarkoki a bakin famfo da asuba? Ina ɗan moto da buhunan albasa uku a baya, ko kwalekwalen da ya riƙa yawo cikin unguwannin Kusiri da Njamena a ambaliyar 2022? Ina matar da ta fito daga sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, wanda aka buɗe tun 2013, ta kafa teburin ƙosai a gari? Ga Vincent Aboubakar da ya taso daga ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ta Garwa ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, ga filin Rumde Ajiya na Garwa da ya karɓi wasannin gasar a farkon 2022. Mai wucewa kan tsaya ne in ya ga abin da ya sani a jikin bango.

Kada a ce sana'ar allo ƙarama ce. Chéri Samba na Kinshasa da allunan talla ya fara, ya buɗe shagonsa a 1975, yana zana cunkoson garinsu da tsegumin unguwa, yana rubutu a jikin zanen da Faransanci da Lingala. A 1989 aka baje aikinsa a birnin Faris, daga nan duniya ta san shi. A Duwala, Joseph-Francis Sumégné ya tattara tarkacen ƙarafan mota da na injuna ya ƙera La Nouvelle Liberté mai tsayin mita 12 a shataletalen Deido a 1996, da tallafin cibiyar doual'art da aka kafa a 1991. Da farko an yi ta suka, yau ita ce alamar garin. Tun 1958 ma ɗaliban zane a Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa a ɗauki dabarar zamani a haɗa da abin gida. Mu kuwa abin gida ba mu rasa shi ba. Ga zanen da magabata suka sassaƙa a duwatsun Bidzar kusa da Figil, ga bangon da matan Kotoko ke ƙawatawa a Gawi, kimanin kilomita 10 daga Njamena, ga dagi a ƙofar zaure, ga zayyanar allon sauka, ga aikin wuyan riga da na sirdi.

Sai bana ta zo. Ba mu ce ba ta da amfani ba: da safe ka ba da oda, da yamma ka rataya, kuma ga taron kwana uku ko yaƙin neman zaɓe ba abin da ya kai ta. Illarta biyu ce. Yaron da ke kan kwamfuta daga intanet yake ɗauko hoto, shi ya sa za ka ga shagon aski a unguwar Yelwa ta Garwa da fuskar mawaƙin Amurka, gidan abinci a unguwar Domayo ta Marwa da farantin da ba a taɓa dafa irinsa a ciki ba, kantin magani da likita Bature. Allon ya daina faɗin komai game da unguwar. Na biyu, ranar nan tamu ba ta ragawa tawadar inji. Ja da rawaya ke fara tashi, shuɗi ya rage, shi ya sa tsohuwar bana duk takan koma shuɗi-shuɗi, fuskoki kamar na marasa lafiya, sannan ledar ta bushe ta tsage daga wurin ƙusa. Da wuya ta wuce shekara biyu da kyanta. Zanen hannu da aka yi bisa ƙa'ida kan ninka haka sau biyu ko uku, kuma ana iya taɓa shi a sabunta. Matsalar ita ce ba kasafai ake bin ƙa'idar ba, mai shago ya biya kuɗi, damina ɗaya fenti ya ɓare, ya rantse ba shi ba mai burushi. Don haka bari mu zayyana yadda aikin yake, saboda mai ba da aiki ya san abin da zai tambaya, yaro mai koyo kuma ya san inda ake faɗuwa.

Tun daga zaɓen bango ake cin nasara ko a faɗi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon da ke kallon gabas shi ke shan dukan ruwa da iska. Na yamma shi ke shan zafin la'asar. Na kudu rana na kansa tun daga ƙarshen damina har bazara. Wanda ya fi dacewa da zane mai launuka shi ne mai kallon arewa, domin rana ba ta leƙa shi sosai sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da gajimare ke rage mata kaifi. In ba zaɓi, a rage ja mai haske a bangon kudu da na yamma. A duba sama kuma: in akwai indararo ko bakin kwano da ke zubo da ruwa a jikin bangon, a gyara shi tukuna, in ba haka ba baƙin layi zai ratsa zanen daga sama har ƙasa.

Sabon shafen siminti ba a yi masa fenti sai ya yi mako huɗu cur. Siminti ɗanye yana da kaifi irin na kanwa, in fentin mai ya hau shi sai kaifin ya narkar da man ya mai da shi sabulu, fentin ya yi danƙo, ya yi tabo, ya saluɓe. Ko bayan mako huɗun, fentin ruwa na akirilik na waje shi ne na bango, fentin mai a bar wa ƙarfe da katako. Tsohon bango kuma gwaji biyu ake yi masa. A shafa tafin hannu: in ya fito fari fat, tsohon fentin ya zama gari, sai an kankare da burushin ƙarfe an wanke an bar shi ya bushe kwana biyu. Sannan a yanko leda santimita 50 a 50, a manne gefunanta huɗu da salatif a ƙasan bangon, a bar ta kwana ɗaya. In aka ɗaga aka ga raɓa a ciki ko wurin ya yi duhu, bangon na shan ruwa daga ƙasa. Irin wannan bango shi ke fitar da farin gishiri da ke tura fenti ya kumbura ya fashe. Ba fentin da ke maganinsa, sai an toshe inda ruwan ke fitowa, ko kwata ce, ko makewayi a bayan bangon, ko ƙasar da aka tara a gindinsa. Gishirin kuwa a busasshe ake goge shi, in aka sa ruwa komawa ciki yake yi. Tsaga kuma, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa: a buɗe ta da bakin ƙarfe, a jiƙa, a cike da siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 3, a ba ta nata lokacin bushewa.

Santimita 50 zuwa 60 na ƙasan bango ba wurin zane ba ne. Nan ruwan sama ke fantsamo laka, nan awaki ke goga jiki, nan yara ke jingina keke. A yi masa ɗamara da launi mai duhu, ko a jera dagi mai sauƙi da za a iya sabuntawa duk shekara, ainihin zanen ya fara daga sama.

Ga lissafin bango mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 18. Hannun farko, wato shafin farko da bango ke sha, lita ɗaya ba ta wuce murabba'in mita 6 a shafe mai kaushi, ke nan lita 3, a sirka da ruwa kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Sai farar shimfiɗa hannu biyu, lita ɗaya na cin kamar murabba'in mita 9, ke nan lita 4, ruwan sirki kada ya wuce kashi 10. Launuka gaba ɗaya kamar lita 5, domin yawancinsu sai an maimaita. Jimla lita 12, a ƙara ɗaya saboda zuba da gyara. Duk wanda ya ce zai yi wannan bango da lita 4, ruwa zai shafa maka. Nan ne ha'incin yake: a tsinka fenti har danƙon da ke riƙe garin launi ya yi ƙaranci, ranar farko ya yi kyau, bayan wata shida ya koma hoda. Mai araha ma tun daga gwangwani alli ya fi danƙo yawa a cikinsa, araha kuwa ba ta ado. Gwajinsa ba wuya: a shafa a ɗan wuri, a bar shi mako guda, a goga da jiƙaƙƙen tsumma. In launi ya biyo tsumman, ba na waje ba ne, komai aka rubuta a jikin bokitin.

Tsakanin hannu da hannu a ba da aƙalla awa 4. Lokacin aiki kuma daga bayan asuba zuwa hantsi ne, sai kuma bayan la'asar in bangon ya huce. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Njamena kan haura digiri 40, jikin bango ya fi haka, fenti sai ya bushe a sama kafin ya kama ƙasa, ya bar sawun burushi da ƙananan ƙuraje. In ka ɗora bayan hannu a bango ka kasa barin sa, ba lokacin fenti ba ne. Hunturu kuma ƙura ke manne wa ɗanyen fenti ta dusashe shi. Mafi kyawun lokaci shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, bango ya bushe, hazo bai yi kauri ba.

Launi ma ba duka ke jure rana ba. Garin launin nan na tsatsar ƙarfe, ja da rawaya da baƙi, irin wanda magina ke zubawa a simintin daɓe, ba ya gudun rana ba ya gudun siminti. Shuɗin bula ma yana zama lafiya da siminti da farar ƙasa. Masu saurin mutuwa su ne ja mai ƙyalli, ruwan hoda, shunayya, da duk launukan nan masu walƙiya kamar rigar 'yan gyaran hanya, waɗanda ba sa kai wata shida a fili. Kada a ce za a sami ja mai ƙarfi ta hanyar tsiyaya ruwan launi cikin farin fenti, ruwan hoda za a samu, in an matsa kuma fentin ya ƙi bushewa da kyau. A sayi jan a matsayin ja. Fentin ruwa yakan ƙara duhu in ya bushe, don haka a gwada a kwali tukuna, a haɗa wanda zai isa gaba ɗaya, a rubuta awon a murfin gwangwani. Fatar mutum kuwa, inda da yawa ke kasawa, ba baƙi da fari ake haɗawa ba, wannan toka yake bayarwa. Jan tsatsa ne da rawayarsa da ɗigon shuɗi, wurin haske a ƙara rawaya, wurin inuwa a ƙara shuɗi. Baƙi zalla na gashi ne da ƙwayar ido.

Ɗaukar zane daga takarda zuwa bango da gidan dara ake yi. Ga bangon mita 6 a 3, a yi zanen a takarda santimita 60 a 30, a raba ta gida-gida na santimita 5, za a sami 12 a kwance, 6 a tsaye, gida 72. A bango kowane gida santimita 50 ne. A turbuɗa zare cikin garin bula ko gawayi, mutum biyu su ja shi, a ɗaga tsakiya a saki, layi ya fito. Kada a dogara da ƙasa ko bakin katanga, da wuya su miƙe. A sa ma'aunin ruwa na magina a fitar da layin kwance, a tabbatar da kusurwa da awon 90 da 120 da 150: in gefe biyu sun ba da santimita 90 da 120, tsakaninsu ya ba da 150, kusurwar ta tsaya. Da alli ake zana, ban da alƙalamin maka, domin tawadarsa na ɓullowa ta cikin fenti ko hannu nawa aka yi. Tsayin babban mutum ninkin tsayin kansa bakwai da rabi ne, ƙaramin yaro biyar zuwa shida. Wanda ya ba yaro awon babba, tsoho ƙanƙane zai fito masa. Ana farawa daga sama zuwa ƙasa, daga nesa zuwa kusa, manyan filaye kafin ƙanana, layin baki da rubutu a ƙarshe. Kowane rabin awa a sauko a tsallaka titi a duba, domin daga can za a riƙa kallonsa. Tsani kuma, duk mita 4 na tsayi gindinsa ya nisanci bango da mita 1, a kuma lura da wayoyin wutar da ake ja barkatai a kasuwanni.

Rubutu na da nasa awo. Harafi mai tsayin santimita 10 ana karanta shi cikin sauƙi daga mita 12, saboda haka allon da ake so a gani daga mita 30 harafinsa ya kai santimita 25, kaurin sandarsa kashi ɗaya cikin biyar ko shida na tsayin. Ɗan moto mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa uku gare shi ya karanta, to kalma biyar ta isa: sunan shago, abin da ake yi, shi ke nan. Baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu ya fi fita, ja a kan kore kuwa rawa yake yi a ido. A ƙirga haruffa a nemo na tsakiya, a fara jerawa daga nan, don kada a zo ƙarshen allo ana matse su. A Njamena da Kusiri inda ake haɗa Faransanci da Larabci, a tuna Larabci daga dama yake tashi kuma haruffansa a haɗe suke, ba a ware su don cike fili, sai dai a ja layin haɗin. A kai wa wanda ya iya ya duba a takarda kafin a taɓa fenti. Hausa ma haka, a yi ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu, abin da burushi ke yi cikin sauƙi, injin bana kuwa sau da yawa ya fitar da akwati a gurbinsu.

Allon ƙarfe, a kankare tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a goge maiƙo, a shafa fentin hana tsatsa gaba da baya da gefuna, sannan fentin mai hannu biyu, tsakaninsu awa 16 zuwa 24. Da yawa kan manta baya, ta nan tsatsa ke zagayowa. Sabon kwano mai rufin tutiya shi ya fi yaudara: fentin mai ba ya zama a kansa, yakan ɓare falle-falle. A wanke shi da garin sabulu, a goge da ruwan khal, a ɗauraye, a sa shimfiɗar da aka yi don irinsa. Sirka fentin mai da zuwa-zuwa kuskure ne da ya zama ruwan dare: yana tashi da sauri, ya kashe ƙyalli, ya bar yamutsa, ga haɗarin gobara. Kananzir kuma ya hana bushewa. A sayi ruwan sirkin da aka yi don fentin, kashi 5 zuwa 10 ya wadatar. Sai maganar dalma, wadda aka daɗe ana sa wa a fentin mai, musamman rawaya da ja da na hana tsatsa. Guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Tun Satumban 2017 Kamaru ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma gwangwani marar takarda na shigowa ta iyaka. Kada a sa irinsa a makaranta ko asibiti, kada a kankare tsohon fentin mai a busasshe inda yara ke wasa, a jiƙa shi tukuna, a rufe hanci.

Bangon ƙasa kuwa dokarsa daban. Numfashi yake yi, in aka rufe shi da fentin mai ko akirilik mai kauri, danshi ya taru a baya, fentin ya faɗo da yaɓen gaba ɗaya. Farar ƙasa ce tasa, ga ta nan ana toyawa a Figil: awo 1 da ruwa awo 2 zuwa 3, a jiƙa bangon kafin a shafa, hannu uku marasa kauri, garin launi kada ya wuce kashi 10 na nauyin farar ƙasar. Tana cin fata da ido, a kiyaye. Ƙaro, wanda Chadi ke cikin manyan masu fitar da shi a duniya, yana riƙe launi da kyau, amma ruwa na narkar da shi, sai cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa. Na waje, makubar ɗorawa da iyayenmu ke yayyafawa har yanzu tana aiki. Irin wannan zane duk shekara ake sabunta shi bayan damina.

Mun san akwai masu ƙyamar hoton mai rai, kuma maganar ba ta wasa ba ce. Abin da muka ji daga malamanmu na Malikiyya shi ne an bambanta gunki mai inuwa, cikakken halitta, da zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda, hukuncin na farko ya fi tsanani. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Ta fuskar sana'a dai, ana iya ba da labarin gari ba tare da fuska ko ɗaya ba: jerin takalma a ƙofar masallaci, jarkoki a famfo, babura a tasha, motar auduga ta Sodecoton ta nufi masana'anta, gadar Binuwai da rani da damina, mutane daga baya ko daga nesa. Abin da muke roƙon 'yan'uwa su bari shi ne rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ƙasan katanga, kusa da kwata, ko a allon da gobe za a cire a jefar.

Kafin a ɗora burushi a sami yardar mai bango a rubuce, a sanar da mai unguwa, in talla ce a biya abin da ofishin magajin gari ya yanka. Fuskar mutum sananne a unguwa ba a zana ta sai da izininsa. A rubuta yarjejeniya ko da rabin takarda ce: girman bango, irin fenti, lita nawa, hannu nawa, wa zai sayo, da alkawarin dawowa gyara bayan damina ta farko. Mai zane ya sa sunansa da shekara a kusurwa, sama da ɗamarar ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamban 2000 ta shafi zane, don haka mai ɗaukar hoton aikin wani ya buga a bana ya sayar, ya san haƙƙi ya ci.

Ga masu ba da kwangila, roƙonmu su kawo saƙon, su bar wa mai zane da mutanen unguwa su zaɓi hoton, su kuma ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don gyara. Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 da ta Garwa da aka kafa a 2022 suna da ɗalibai da za su iya bin kasuwanni layi-layi su ɗauki hoton tsofaffin alluna kafin a sayar wa 'yan gwangwan, su tambayi tsofaffin masu sana'ar su wa suka koya musu. Kai kuma, Malam Edita, muna roƙon ka ware ɗan gurbi a jaridarka duk mako, masu karatu daga Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusiri da Njamena su riƙa aiko da hoton allo ko bango guda, tare da sunan gari da unguwa, shekarar da aka zana in an sani, da sunan mai zanen in ya yarda.

Wassalam.

Daga wasu masu zanen alluna da bango,
Garwa da Marwa, Jamhuriyar Kamaru.